Kurakuran da ƙananan makarantun gaba da bak ke yi wajen buɗe sabbin sassan karatu

Duk shekara da an fito da sakamakon bak, wato jarrabawar kammala sakandare, sai ka ji gidajen rediyon Damagaram sun cika da talla, makaranta kaza ta buɗe sashen lissafin kuɗi, sashen kwamfuta, sashen jinya, sashen aikin jarida, har da na man fetur, alhali in ka je wurin gida ne na haya mai ɗaki shida da inuwar dogonyaro guda. Ba laifi ba ne makaranta ta girma, kowa na son haka. Damuwar ita ce yawanci sunan sashe ake fara rubutawa a allo, daga baya a shiga neman wanda zai koyar.

Kuskuren da ya fi yawa kenan, buɗe sashe saboda maƙwabci ya buɗe. Ranka ya daɗe mai makaranta, kafin ka kira mai fenti ka zauna da biro da takarda. Misali ɗalibai takwas suka yi rajista a sabon sashen, kuɗin da za su biya a shekara nawa ne, kuma awa nawa za ka biya malamai a shekarar? Malamin da ya shiga aji mai mutum takwas kuɗin awarsa ɗaya ne da wanda ya shiga aji mai hamsin. Gyaran ba wuya: a shekarar farko a haɗa masu darussa iri ɗaya a aji guda, masu lissafin kuɗi da masu kasuwanci da masu harkar banki duk abu ɗaya suke bukata a farko, sai a shekara ta biyu ko ta uku kowa ya kama hanyarsa. In wani reshe ya yi shekara biyu uku yana cika da ɗalibai, to ya cancanci a ba shi suna da shugaba. Ita kanta jami'ar Zinder, wadda yanzu ake kira André Salifou, da IUT, wato cibiyar koyon fasaha, ta fara kafin ta zama jami'a a 2010, sauran tsangayoyin a hankali aka riƙa ƙara su, kuma wannan fa da kuɗin gwamnati ne.

Sai maganar malamai, nan ne abin ya fi ci mini rai. Za ka tarar da sashe sukutum babu malami ko ɗaya na dindindin, duka ƴan bakater ne, masu zuwa su yi awoyinsu a biya su su tafi. Wani ma daga Yamai zai taso, tafiyar kusan kilomita 900, ya sauka Lahadi da dare a gajiye, daga Litinin zuwa Asabar ya zuba wa yara darasin samestar guda tun ƙarfe takwas na safe har la'asar sakaliya, a watan Afrilu, fanka ba ta juyawa, ranar ƙarshe ya yi jarrabawa ya kama mota. Me zai zauna a kai? Yaran nan haddacewa kawai suke yi su zuba a takarda, bayan sati biyu ka tambaye su babu komai. Ni ban ce a kori ƴan bakater ba, ƙaramar makaranta ba ta rayuwa in ba su, amma kowane sashe ya samu aƙalla mutum biyu da nan ne wurin aikinsu, waɗanda ɗalibi zai ƙwanƙwasa wa ƙofa ranar Laraba ya same su. Na nesa kuma a raba zuwansu gida biyu ko uku, tsakani a ba yara aikin da na gida zai duba. Kuma hanyar da ta fi arha ta samun malami mai zama ita ce ɗalibanka na farko masu ƙoƙari, ka taimaka musu su yi masta da dakta da yarjejeniya a rubuce cewa za su dawo su koyar shekara kaza. Ɗan Birni ko ɗan Zango da uwarsa ke nan garin ya fi wuya ya gudu.

Akwai kuma masu fara karɓar kuɗin rajista tun takardar izini ba ta fito daga ma'aikatar ilimi mai zurfi ba, wai ai tana hanya. Yaro ya yi shekara uku, ubansa ya sayar da gyaɗa da awaki, ya zo shiga konkur, jarrabawar neman aiki, a ce diflomarsa ba a san da ita ba. Wannan ba kuskure ba ne ma, zalunci ne. Izinin makaranta daban, izinin kowane sashe daban, a nema a samu tukuna. Tsarin LMD, wato lisansi, masta da dakta, kuma a bayyane yake, lisansi samesta 6 ne kiredi 180 (kiredi ma'aunin yawan karatu ne), masta samesta 4 kiredi 120, sannan CAMES, ƙungiyar ilimi mai zurfi ta wasu ƙasashen Afirka da ke Wagadugu, tana duba difloma ta amince da ita don ta yi aiki a sauran ƙasashen ƙungiyar. Wanda bai yaye ko rukuni ɗaya na lisansi ba ya ce zai buɗe masta, to da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Sassan da ke bukatar aikin hannu su ma ana raina su. Tun da matatar SORAZ ta fara aiki a 2011 kowa ya ga kamar da ya rubuta man fetur a allo shikenan, ba ɗakin gwaji, ba wurin sitaj, wato koyon aiki. Sashen kwamfuta da na'ura goma, huɗu sun mutu, kuran na zuwa yana tafiya, ai gara ka fara sayen fanon sola da batir kafin ka buga talla. Na jinya kuwa, ka je ka daidaita da asibiti tukuna mutum nawa za su iya karɓa sitaj, wannan adadin shi ne iyakar ɗaliban da za ka ɗauka, ba yawan benci ba.

Wani abin dariya, a raba sashe biyu don kawai manyan malamai biyu ba sa ga maciji, kowa a ba shi kujera. Ko a naɗa shugaban sashe amma ko alli zai saya sai ya jira Alhaji mai makaranta ya dawo daga Kano. A ba shi ɗan kasafi nasa ko da jika hamsin ne a wata, a ba shi ikon tsara jadawali da zaɓen malamai, ya kawo rahoto ƙarshen samesta. Makin ɗalibai kuma kada a bar shi cikin kwamfutar mutum ɗaya, ran da ya yi fushi ya tafi ko ɓarawo ya ɗauke ta an shiga uku. A buga a takarda, malami ya sa hannu, kwafi ɗaya a ofishin sashe ɗaya wurin darakta. Sashen da ya yi shekara uku bai tara ɗalibai ba kuwa a daina ɗaukar sababbi, a bar waɗanda ke ciki su gama, sannan a haɗe shi da na kusa da shi.