Darasi na 7: Kiyaye Haɗari a Gidan Injin Niƙa

Daga Tudun Wada zuwa Sabon Gari har Samaru, da wuya ka ratsa unguwa a Zariya ba ka ji ƙarar injin niƙa ba. Ɗaya daga cikin abubuwan da ke raunata mutane a jikin injin nan shi ne bel.

Bel yana gudu ne a kan wili biyu. Duk abin da ya shiga tsakaninsa da wili, injin zai ja shi, kuma ba ya saki: hannun riga, bakin zani, jelar rawani, hijabin yarinyar da aka aiko niƙa. Hijabi ya fi muni, domin a wuya yake. Kafin a kai ga kashe injin ya riga ya shaƙe ta. Saboda haka ka sa mai walda ya yi wa bel keji na raga, a ɗaure shi da noti. Ka gitta benci kamar taku 3 daga injin, masu kawo niƙa su tsaya bayansa. Kai kuma ka sa riga mai gajeren hannu. Idan bel ya zame, kashe injin, ka jira wili ya tsaya cak. Masu mayar da bel injin na gudu suna ganin gwaninta ce, alhali ganganci ne.

Idan hatsi ko markaɗe ya toshe, tura shi da muciya, ban da yatsa.

Wajen tayar da injin gas da hannu, kada babban yatsanka ya zagaye mariƙin. Haɗa shi gefe ɗaya da sauran yatsun, don idan injin ya mayar da bugu kada ya karya shi.

Bakin salansa ya fita waje ta bango. A cikin hayaƙin akwai guba marar wari marar launi. Alamarta ciwon kai da jiri, sannan suma. Da ka ji haka, kashe injin ka fita iska. Kada ka zuba mai injin na da zafi. Ajiye bokitin yashi a bakin ƙofa, domin ruwa yaɗa wutar mai yake yi. Ka riƙa sa takunkumi saboda ƙurar gari.

In tsautsayi ya auku, fara kashe injin. Danne raunin da tsumma mai tsabta minti 10 ba ɗagawa, hannun yana sama. Kada a zuba baƙin mai, ko ƙasa, ko toka. Ƙuna kuwa ruwan sanyi ake kwarara mata minti 20, ba manja ba. Idan yatsa ya guntule, naɗe shi a tsumma mai tsabta mai ɗan laima, sa shi a leda ka ƙulle, sannan ka sa ledar cikin ruwa mai ƙanƙara. Kada yatsan ya taɓa ƙanƙarar. A garzaya da mutumin da yatsan Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, a kuma tambayi likita batun allurar tetanus.