Shirya teburin baƙi ba tare da tarkace ba

Da farko, uwargida, kwashe duk abin da ke kan teburin, har furannin robar nan da ƙurar Maradi ta mayar ja. Goge shi da ɗanyen tsumma, ki bari ya bushe.

Sai ki shimfiɗa ƙyalle guda ɗaya mara ado da yawa. Atamfa yadi 2 ta isa ƙaramin tebur. In akwai yara, ɗora leda a sama, don miyar kuka ba ta da kunya.

Na uku, kulolin abinci su zauna a tsakiya: tuwo, miya, dambun zogale. Ado ɗaya ya wadatar, ni dai ƙwaryar fura nake ajiyewa da ludayinta, in rufe da faifai mai launi. Kada ki sa dogon abu da zai tare fuska, mutane hira suka zo yi.

Faranti, cokali da kofi, kowa nasa a gabansa.

Buta da sabulu su tsaya a ƙasa, kusa da ƙofa. Ki kuma tanadi tabarma a gefe, don Baba da Inna sau da yawa sun fi son cin abinci a ƙasa.