Yadda Ake Tsira Daga Saran Maciji A Gona Lokacin Kaka

Da zarar an fara cirar gyaɗa da yankan gero, hankalina ba ya kwanciya a kan 'yan'uwana da ke ƙauye. Duk wanda ya tashi a kudancin Gombe, ko Langtang a Filato, ko Karim Lamido a Taraba, ya san damina da kaka ba sa wucewa ba a ɗauko wani daga gona ba. Da dare ko sunan abin ba a kira, sai dai ka ji an ce igiyar ƙasa ta taɓa wane.

Shekarun baya ɗan kawuna, yaro ɗan shekara 14, ya zura hannu ƙarƙashin tarin harawa da ta kwana a gona. Ya ce ji ya yi kamar ƙaya ta soke shi a yatsa. Aka ɗaure masa hannu da robar tayar keke, aka kai shi gidan mai magani, aka yi masa tsaga, aka ba shi jiƙo. Da la'asar har yana hira da ƙannensa. Na ce, "Kawu, don Allah mu kai shi asibiti." Ya ce, "Bari mu ga dare tukuna, ɗana, ai ga shi yana samun sauƙi." Da asuba innarsa ta tarar da jini a tabarma, yana fita ta dasashinsa, wurin tsagar kuwa bai daina ɗiga ba tun jiya. Allah ya yi da sauran kwanansa, ya rayu, amma yatsan bai tsira ba. Awa goma sha wani abu muka zubar a banza, kuma su ne suka kusa kai shi kabari. Saboda waɗannan awoyin nake wannan rubutu.

Kafin ka shiga gona

Fara da ƙafa, don yawancin sara a ƙafa yake, daga idon sawu zuwa ƙasa. Silifas ba ya tare komai. Nemi dogon takalmin roba irin na masu aikin fadama, ka sa dogon wando mai kauri. Na san yana da zafi, na san kuɗinsa na iya kai na 'yan tiyoyin hatsi, amma ya fi jinya araha nesa ba kusa ba. Da safe kafin ka zura ƙafa, kifa takalmin ka kaɗa shi, don maciji da kunama suna son kwana a ciki.

Sai hannu. Ka'idar ɗaya ce: inda idonka bai gani ba, kada hannunka ya riga sanda shiga. Damin gero da ya kwana a ƙasa, tarin harawa, karan dawa, kirare, buhun da aka jingine, duk ka fara birkita su da sanda ko ƙotar fartanya, ka ɗan dakata, sannan ka ɗauka. Ɓeraye ne ke bin hatsi, maciji kuma ɓeraye yake bi, shi ya sa a kaka duk inda aka tara amfanin gona nan yake laɓewa. Yara masu haƙar gafiya a ja musu kunne sosai: ramin gafiya da tsohon suri ba wurin zura hannu ba ne.

In rana ta faɗi, kada ka taka ko nan da bayan gida ba tocila, musamman bayan an ɗauke ruwa. A gida kuma a share ciyawar gindin katanga, a nisanta tarin itace da akurkin kaji daga ɗakin kwana, a toshe ramukan ɓera a gindin rumbu. Mai kwana a bukar gona ya ɗaga shimfiɗarsa daga ƙasa in da hali, ya kafa gidan sauro ya cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma ta ko'ina. Gidan sauron nan ba sauro kaɗai yake tarewa ba.

In kun yi kiciɓis

Tsaya cak, sannan ka ja da baya a hankali, ka bar masa hanyar wucewa. Maciji ba farautar mutum yake yi ba. Taka shi ake yi, ko a rutsa shi, ko a ɗauko sanda a ce sai an kashe shi, kuma a wurin kisan nan mutane da yawa suke samun nasu saran.

Yana da kyau ka san wanda ka gani. Kububuwa ita ce babbar matsalarmu a wannan yanki. Ƙarama ce, sau da yawa ba ta wuce kamu ɗaya ba, launinta ya saje da ƙasa da busasshen ganye. In ta ji motsi sai ta nannaɗe tana goga jikinta, ka ji wani sauti kamar an ɗiga ruwa a kan kasko mai zafi. Ka ji wannan, kada ka tsaya neman inda take da ido, ja baya. Dafinta yana hana jini daskarewa, kuma cikin waɗanda dafin ya kama ba su samu allurar kashe dafi ba, ana rasa kashi 10 zuwa 20 cikin 100. Kasa kuwa ƙatuwa ce mai nauyin jiki, ba ta gudu, kwanciyarta take yi a kan turba har sai an taka ta. Saranta kumburi ne mai tsanani da ruɓewar nama. Sai masu fasa kai, su kumurci da gamsheƙa. A cikinsu akwai mai tofa dafi a ido daga nesa, akwai kuma wanda dafinsa ke kashe jiki har numfashi ya gagara.

In an tofa maka a ido, kada ka murza. Wanke shi nan take da ruwa mai yawa, a yi ta kwarara masa na tsawon mintuna, ido a buɗe. Babu ruwa a kusa, ko madara ce a yi da ita. Daga nan sai asibiti, don dafin na iya yi wa ido gyambo.

In ya riga ya sara

Na farko, a janye mutum daga wurin, a zaunar da shi, a kwantar masa da hankali. Kada ya yi gudu, kada ya tako gida da ƙafarsa in akwai masu ɗaukarsa. Motsin gaɓa ne ke saurin tura dafi cikin jiki. A duba agogo ko waya a riƙe lokacin da abin ya faru, likita zai tambaya.

Na biyu, a cire zobe, awarwaro, agogo, takalmi da duk abin da ya kama gaɓar, tun kafin kumburi ya hana su fita.

Na uku, a hana gaɓar motsi. A samo kara ko sanda a jera a gefenta, a naɗe da zane ko rawani sako-sako, kamar yadda maɗori ke yi wa karaya. Manufar ita ce kada ta lanƙwashe, ba wai a tsayar da jini ba. In yatsa ba ya shiga ƙarƙashin ɗaurin, an matse da yawa.

Na huɗu shi ne abin da ba a yi, kuma a nan ne muka fi cutar da namu da hannunmu. Kada a ɗaure da roba ko igiya. Ɗaurin ba ya hana dafin kububuwa tafiya, sai dai ya hana jini isa ga gaɓar, naman ya mutu, a ƙarshe a yanke ta. In an riga an ɗaure tamau tun da jimawa, a hanzarta, a bar ma'aikatan asibiti su kwance da kansu. Kada a yi tsaga. Ka yi tunani: mutumin da jininsa ya daina daskarewa ka sa masa reza, ai ƙofa ka buɗe wa jinin. Kada a tsotsa da baki, kada a ɗora baƙin dutse, kada a shafa fetur ko toka ko garin magani, kada a ɗura masa jiƙo don ya yi amai. In ciwo ya yi yawa a ba shi farasitamol kawai. Asfirin da ibuprofen da diclofenac suna ƙara zubar jini, a nisance su.

Zan ɗan tsaya a kan masu maganin gargajiya, don ba raina su nake yi ba, kuma na san dalilin da ya sa mutane suka yarda da su. Macizai da yawa ba su da dafi, mai dafin ma wani lokaci yakan sara bai zuba komai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana saran mutum kusan miliyan 5.4 a shekara a faɗin duniya, amma waɗanda dafi ke kamawa miliyan 1.8 zuwa 2.7 ne. Wato kusan rabi ko fiye za su warke ko an ba su magani ko ba a ba su ba. Su ne ke komawa gida suna yabon jiƙo. Wanda dafin ya shiga da gaske kuwa, jiƙon ba ya taɓa shi. Hukumar ta ce mutum 81,000 zuwa 138,000 ke mutuwa duk shekara, abin da ya sa a 2017 ta saka saran maciji cikin cututtukan da aka yi sakaci da su. Addu'a kam a yi ta, amma a yi ta a kan hanya.

Na biyar, kada a ɓata lokaci wajen neman macijin. In yana nan a fili, a ɗauki hotonsa da waya daga nesa. In an riga an kashe shi, a ɗauka da sanda a sa a cikin gwangwani ko bokiti mai murfi, don kan maciji ko an datse shi yana iya sara.

Na shida, a kama hanyar asibiti yanzu, ko da mutum ya ce lafiyarsa ƙalau. Wannan "ƙalau" ɗin ita ta yaudare mu a kan ɗan kawuna. Kububuwa takan yi shiru na awoyi kafin jini ya bayyana a dasashi, ko a fitsari, ko a tsohon rauni, wani ma a ƙwaƙwalwa yake zubar masa bayan kwanaki. A babur, a sa shi a tsakiya, mutum ɗaya a baya ya riƙe shi. A mota ko amalanke, a kwantar da shi a gefen hagu, don in amai ya zo kada ya shaƙe shi. In fatar idonsa ta fara saukowa, ko magana ta fara harɗewa, ko yawu ya gagara haɗiya, numfashi ne ke gab da tsayawa, a ƙara sauri.

Wane asibiti, kuma me za a yi a can

Ba kowane ɗakin shan magani ne ke da allurar kashe dafi ba, don haka wannan tambaya ce da ake yi tun kafin buƙata ta taso. Asibitin masu saran maciji da ke Kaltungo a jihar Gombe ya yi suna a wannan aiki, haka cibiyar lafiya ta Zamko a Langtang. Mutanen wasu jihohi su tambayi babban asibiti mafi kusa da su tun farkon damina.

Da kun isa, za a ɗebi jini kaɗan a zuba a sabuwar kwalbar gilashi busasshiya, a ajiye minti 20 ba a taɓa ba, sannan a karkata ta. In jinin ya yi guda, da sauƙi, amma za a riƙe mutum aƙalla kwana ɗaya ana maimaita gwajin. In ya zubo kamar ruwa, dafi ya shiga, sai allura. An yi EchiTAb-G a Birtaniya don kububuwa kaɗai, akwai EchiTAb-Plus da ake yi a Kosta Rika, wadda ta haɗa kububuwa da kasa da mai tofi. Da dafin macizan Najeriya aka haɗa su, shi ya sa suke aiki a nan. Wadda aka haɗa da dafin macizan Indiya ba ta yi wa kububuwarmu abin kirki, don haka kada ka saya a kemis don ka ga an rubuta maganin maciji a kwali, nuna wa likita tukuna. Yaro ma adadin da ake yi wa babba ake yi masa, tunda dafin da maciji ya zuba bai san shekaru ba. Bayan awa 6 za a sake gwada jinin, in bai daskare ba a ƙara.

Bayan sallama a ci gaba da lura da shi har mako biyu. Jini ya dawo, ko ciwon kai mai tsanani, ko fitsari ya ragu, ko wurin saran ya fara baƙi da wari, ko zazzaɓi da ƙaiƙayi da ciwon gaɓoɓi suka taso, a koma asibitin da katinsa.

A gidan kawuna yanzu, kafin a fara girbi, ana ajiye lambar ɗan acaɓa biyu a wayar kowa, da kuɗin mai a ƙulle a wurin Inna, ba a taɓa su sai an gama kai amfani rumbu.