Kurakuran da aka fi yi wajen auna haɗarin siliniyam ga kifin ruwan daɗi

Na gaji da karanta rahotannin sababbin masu binciken ingancin ruwa waɗanda ke ɗibar ruwa a kwalba, su kai ɗakin gwaje-gwaje, su ga siliniyam, wani sinadari da ke zama guba idan ya yi yawa a jiki, bai taka kara ya karya ba, sai su rubuta cewa kifi na cikin aminci. Wannan shi ne babban kuskuren, domin ta abinci siliniyam ya fi yi wa kifi illa. Gansakuka ce ke fara tsotse shi, ƙwarin ruwa su ci gansakukar, kifi ya ci ƙwarin, sannan macen kifi ta juye abin da ta tara cikin ƙwanta. Manyan kifaye za su ci gaba da iyo lafiya lau, alhali 'ya'yansu suna ƙyanƙyashewa da karkataccen ƙashin baya da kumburin jiki, su mutu ba wanda ya gani.

Haka ta faru a tafkin Belews da ke Arewacin Karolina a Amurka, inda ruwan tokar kwal daga tashar wutar lantarki ya fara shiga a 1974. Siliniyam ɗin da ke cikin ruwan tafkin wajen maikirogiram 10 ne kacal a kowace lita (maikirogiram kashi ɗaya ne cikin dubu na miligiram), amma nau'in kifi 19 cikin 20 suka ɓace. Wanda ya san wannan labari kuma ya dogara da kwalbar ruwa kaɗai ba shi da uzuri! Shi ya sa a 2016 Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta fifita ma'aunin ƙwai a kan sauran ma'aunai, har da na ruwa, ta sa iyakar siliniyam kamar haka: miligiram 15.1 a kowane kilo na busasshen ƙwai, 8.5 a ɗaukacin jikin kifi, 11.3 a tsokarsa. Ni dai a al'adata ba na yanke hukunci sai na sami matan kifi masu ɗauke da ƙwai gab da lokacin zubawa, ko da hakan zai sa aiki ya jinkirta.

Kuskure na biyu shi ma yana ɓata mini rai, wato kwatanta sakamakon ɗanyen nama da ma'aunin busasshe. Kusan kashi uku cikin huɗu na naman kifi ruwa ne, saboda haka miligiram 3 a ɗanye ya kai kimanin 12 a busasshe, ya riga ya haura iyaka ke nan, mai rahoto kuwa yana murna. Ku tambayi ɗakin gwajin a wane hali aka auna naman kafin ku rubuta komai.

Kada kuma a ɗauki iyakar ruwa mai gudu, maikirogiram 3.1 a lita, a ɗora wa tafki, wanda nasa 1.5 ne, tunda ruwan da ke kwance ya fi tara siliniyam a cikin abincin kifi. Inda kuma aka fara zubar da gurɓataccen ruwa kwanan nan, naman kifi bai gama tarawa ba tukuna, don haka a nan dole a riƙe ma'aunin ruwan da muhimmanci, a kuma dawo a sake auna kifin daga baya.