Kurakuran da Aka Fi Yi a Ɗakin Sauna na Gida da Yadda Za a Gyara Su

Saunar da nake nufi a nan daban take da wadda muka sani a Hausa, wato mutum marar wayo. Wannan kalma ce ta mutanen Finland, sunan wani ɗan ɗakin katako da ake ɗumamawa da murhu mai duwatsu a kansa, mutum ya shiga ya zauna ya yi zufa, ya fito ya yi wanka. Ƙasar tana da mutane kimanin miliyan 5.5, amma irin waɗannan ɗakuna sun kai wajen miliyan 3, kuma a Disamban 2020 hukumar UNESCO ta sanya al'adar cikin jerin abubuwan gado na duniya. Na zauna a can lokacin karatu, a wani gidan haya mai hawa-hawa da ke da sauna ɗaya a ƙasa, ana raba wa mazauna lokaci. Yanzu kuma abin ya fara shigo mana: a manyan otal, a gidajen masu hali, da kuma ɗan tantin tururin nan da ake talla a intanet, wanda mutum ke shiga ya bar kansa a waje. Kayan sun iso mana, amma ladubban amfani da su ba su biyo su ba, kuma wannan ne ya dame ni.

Kuskuren da ya fi kowanne shi ne dauriya. An raine mu a kan cewa namiji ba ya raki, mace ta gari kuma ita ce mai cijewa. Tarbiyya ce mai amfani a wurare da yawa, amma a ɗakin da zafinsa ke tsakanin digiri 80 da 100 tana iya kai mutum lahira. Ranar da na fara shiga, ni da wani abokina ɗan gida muka haye benci na sama, inda zafi ya fi taruwa. Kowannenmu ya ji jiki, amma babu mai son a ce shi ya fara fita. Da abin ya ishe shi sai ya miƙe zumbur, taku biyu ya yi ya yanke jiki ya faɗi, goshinsa ya bugi ƙofa. Allah ya taƙaita, ɗinki kawai aka yi masa. Su kansu 'yan Finland sun ɗanɗana kuɗarsu a kan wannan. Daga 1999 suna gasar zaman sauna ta duniya a garin Heinola, inda ake kai zafi digiri 110 ana zuba ruwa a kan duwatsu kowane rabin minti. A wasan ƙarshe na 2010, bayan kimanin minti 6, ɗan Rasha Vladimir Ladyzhensky ya mutu, abokin karawarsa Timo Kaukonen kuma, wanda ya ci gasar sau 5, ya ƙone har ya daɗe kwance a asibiti. Daga ranar ba a sake yin gasar ba. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Gyaran ba shi da wuya. Sabon shiga ya zauna a benci na ƙasa, ya yi minti 5 zuwa 10, ya fito ya sha iska ya sha ruwa, in jiki ya sake ya koma. Wanda ya saba ma kada ya wuce minti 15 zuwa 20 a zama ɗaya. Da ka ji jiri, tashin zuciya, ciwon kai ko ƙirjinka na dukan uku-uku, zama ya ƙare, ko da minti 2 ka yi. Kuma kada ka tashi da garaje. Zafi yana buɗe hanyoyin jini na fata, jini ya kwarara can, bugun zuciya ya hau ya kai 100 zuwa 150 a minti, ƙarfin jinin da ke isa kai kuma ya ragu. Wanda ya miƙe farat ɗaya a wannan hali, ƙwaƙwalwarsa na iya rasa jini na ɗan lokaci, abin da ya faru da abokina ke nan. Ka sauko benci na ƙasa tukuna, ka ɗan zauna, sannan ka miƙe kana dafe da bango.

Sai maganar ruwa. A zama ɗaya mutum yakan zubar da zufa wajen rabin lita, wani ya fi haka. Ɗan Finland yana shiga ne daga sanyin da ya daskarar da tafki. Mutumin Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu kuwa ya riga ya yini yana zufa a zafin da ya haura digiri 40, jikinsa na bin sa bashin ruwa tun kafin ya taɓa ƙofar. Ka sha kofi ɗaya ko biyu kafin shiga, ka sha a tsakani, ka sha bayan fita. Mai azumi ya bari sai an sha ruwa, ciki ya lafa. Shiga da cikin da ya cika da tuwo ma wahala ce, a ba shi awa ɗaya ko biyu. Mai cutar sikila kuwa ina roƙonsa ya nisanci ɗakin nan sai da izinin likitansa, domin ƙarancin ruwa a jiki na cikin abubuwan da ke tayar da ciwon.

A Finland da yawa daga cikin waɗanda ake samun gawarsu a sauna akwai giya a jininsu. Kada mu ce wannan bai shafe mu ba. Maganin barci, maganin tari mai sa maye, tiramadol, duk abin da ke dushe hankali aikinsu ɗaya: mutum ya gyangyaɗa a kan benci, murhu na ci gaba da aikinsa. Don haka ma bai kamata a shiga ba tare da wani a gidan ya sani ba.

Masu tallan tantin tururi suna cewa yana narkar da tumbi. Ka hau sikeli bayan ka fito, za ka ga ka ragu, ka sha ruwa kofi uku ka sake hawa, za ka ga ka dawo. Ruwa ne ya fita, kitse na nan inda yake. Na san matan da ke rufe kansu a tantin nan kusan awa guda saboda biki ya matso, wasu har da naɗe ciki da leda. Zafin nema ba ya kawo samu.

Akwai kuma masu kafa hujja da bincike cewa sauna maganin zuciya ce. Gaskiya ne a 2015 wani likitan zuciya ɗan Finland, Jari Laukkanen, da abokan aikinsa sun wallafa sakamakon bibiyar maza 2,315 na yankin Kuopio da ke ƙasar na tsawon kimanin shekara 20, suka ga masu shiga sauna sau 4 zuwa 7 a mako sun fi masu shiga sau ɗaya tsira daga mutuwar fuju'a ta ciwon zuciya. Amma waɗannan mutane ne da suka tashi da abin tun suna goye. Binciken bai ce mai hawan jini ya ajiye maganinsa ya koma sauna ba. Wanda bai daɗe da kamuwa da ciwon bugun zuciya ba, da mai ciwon ƙirjin da bai daidaita ba, da mai matsalar ƙoda ko farfaɗiya, da mai shan maganin hawan jini musamman irin mai sa yawan fitsari, duk su fara ganin likita. Mai zazzaɓi ya bari ya warke. Mai juna biyu ma ta tambayi likitarta, ballantana a watannin farko. Maganar da ta fi tsaya mini a rai ita ce ta mai jego. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan gazawar zuciya a matan da suka haihu, suka danganta shi da wankan ruwa mai tsananin zafi, da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta, da yawan kunun kanwa. 'Yar'uwa, idan kina wankan jego kada ki ƙara da sauna ko tantin tururi da sunan gyaran jiki. Zuciyarki ba ta gama hutawa daga ɗawainiyar ciki ba.

Shi kansa ɗakin yana da nasa tarkuna. Murhun lantarki na matsakaicin ɗaki yakan ja kilowat 6 ko fiye, abin da ya ninka ƙarfin soket ɗin bango na gida, saboda haka yana buƙatar nasa layin da waya mai kauri da na'urar da ke yanke wuta in ta ɓalle, kuma ƙwararren mai gyaran wuta ne zai haɗa. Idan an ɗauke wuta kana ciki, ka kashe murhun kafin ka tafi, kada a dawo da ita babu kowa. Shanya a saman murhu na cikin sanannun musabbaban gobarar sauna a Finland: tawul ya zame ya faɗa kan duwatsu, shi ke nan. Kada a mai da ɗakin wurin shanya ko ma'ajiyar kaya. Ƙofa ta riƙa buɗewa waje, kuma kada a sa mata sakata ko kwaɗo. Na san kunya ce ke sa mu son kullewa. Ɗaura tawul ko gajeren wando na auduga ya wadatar wajen suturta al'aura, kuma ya fi a ce sai an ɓalle ƙofa kafin a kai ga wanda ya suma.

Tururin da ke tashi in an zuba ruwa a kan duwatsu 'yan Finland suna ce masa löyly, kuma da ƙaramin ludayi ake zuba shi, kaɗan-kaɗan, bayan an tambayi na kusa. Wanda ya juye bokiti zai ƙone fuska da kunnuwan duk wanda ke sama. Ba kowane dutse ake ɗorawa ba, na rafi da ya sha ruwa yana iya fashewa. Mu masu son ƙamshi ne, amma kada a zuba humra ko turaren fesawa a kan duwatsu masu zafi, suna iya kamawa da wuta. Irin saunar da ke ɗumama jiki da fitilun zafi, wadda ba ta wuce digiri 45 zuwa 60, ba a zuba mata ruwa sam. Zobe, sarƙa, 'yan kunne, agogo da waya duk a bar su a waje.

Mai murhun itace ya tabbata bututun hayaƙi a buɗe yake har wuta ta mutu murus. Kaskon gawayi kuwa kada ya kusanci rufaffen ɗaki, ko da an ce ai surace ne kawai. Iskar gubar da garwashi ke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, ita ce dai ke ɗauke mutane a ɗakunansu lokacin hunturu, ita ce kuma ta hayaƙin janareto. 'Yan Finland masu tsohuwar saunar hayaƙi sukan yi awanni suna hura ta, su bar wuta ta mutu, su buɗe hayaƙin ya fice kafin kowa ya sa ƙafa.

Idan wani ya faɗi, a fito da shi wuri mai iska, a kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, a yayyafa masa ruwa ana yi masa fifita. Kada a ɗura wa wanda bai farfaɗo ba ruwa a baki. In ya farfaɗo yana sambatu, ko yana dafe ƙirji, ko bai dawo hayyacinsa cikin ɗan lokaci ba, a nufi asibiti nan take, a Turai a kira 112. Ƙuna kuma a sa ta ƙarƙashin ruwan famfo mai sanyi na minti 20, ban da ƙanƙara, ban da man goge baki, manja ko ɗanyen ƙwai, sannan a rufe da tsumma mai tsabta a kai wa ma'aikacin lafiya ya duba.