Kurakuran da aka fi yi wajen koyar da tashrihi (ilimin sassan jikin mutum) da hannu

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023, ɗaliban likitanci da yawa, ciki har da 'ya'yan Hausawa na Khartoum da Wad Madani da Mai Wurno, sun koma karatu inda babu mashraha, wato ɗakin da ake feɗe gawa don koyon sassan jiki. A irin wannan hali, malamai na iya komawa ga yumɓu da fenti da zuciyar rago. Dabarun suna da kyau, amma abin da ɗalibi ya gina da hannunsa yana zama masa a kai, ko daidai ne ko kuskure.

Zuciyar rago ce ta fi yaudarar mutane. Idan ka saye ta haka nan a wurin mahauci, za ka tarar ya sare samanta, ɗakunan sama biyu da manyan jijiyoyin jini sun tafi. Ka yi masa magana kafin yanka, ya ciro ta haɗe da huhu da maƙogwaro. Zuciya ɗaya ta ishi ɗalibai 4. Kada a fara da wuƙa. A fara zura yatsa a kowace jijiya, a ɗura ruwa a babbar jijiyar da ke fita daga ɓangaren hagu, su ga yadda marfinta yake rufewa ya tare ruwan. Sannan a faɗa musu bambancin a fili: a jikin mutum rassa 3 ne ke fita daga lanƙwasar wannan jijiya, a rago kuwa reshe ɗaya ne. Malamin da ya tsallake wannan ya koyar da jikin dabba ne.

A zanen jiki da fenti, yawanci ana zana zuciya da ka, ba a lalubi ƙashi ba. A fara neman tudun da ke saman ƙashin ƙirji, wanda yake daidai da haƙarƙari na 2, a ƙirgo ƙasa zuwa tazara ta 5 tsakanin haƙarƙari a hagu, kan layin da ya sauko daga tsakiyar ƙashin da ya haɗa ƙirji da kafaɗa. Nan ake jin bugun ƙarshen zuciya. Ja da shuɗi ba sa fitowa sosai a baƙar fata; fari da rawaya sun fi. Kada a taɓa amfani da lalle, musamman baƙin da ake haɗawa da sinadarin rini, don yana daɗewa kuma yana iya ƙona fata. Ba a tilasta wa kowa cire riga. Mata su yi da mata, ko a yi zanen a kan farar riga mai kama jiki.

Yumɓu kuwa a gina shi daga ciki zuwa waje: ƙashi, tsokar da ke ƙasa, sannan ta sama. Zafin Sudan yana tsattsaga shi da wuri, don haka a rufe shi da jiƙaƙƙen ƙyalle.

Jijiyoyin hannu da ke fitowa daga wuya, daga C5 zuwa T1 (lambobin jijiyoyin da ke fita daga lakar ƙashin baya, daga ta 5 a wuya zuwa ta 1 a ƙirji), ana saƙa su da zare a kan allo, bisa sunayen sassansu daga wuya zuwa hammata: saiwa 5, ganga 3, rabuwa 6, igiya 3. Kuskuren shi ne a bar su a allon. A ɗora saƙar a wuyan ɗalibi da hammatarsa, a yanke zare ɗaya, a tambayi ajin wace tsoka ce za ta daina aiki, kuma wane ɓangaren fata ne zai daina ji.