Darasi na 7: Kumburin Ciki a Kifin Ado

A darasin da ya gabata mun koyi yadda ake ciyar da kifin da muke ajiyewa a akwatin gilashi. Yau za mu yi magana a kan ciwo mai tsanani, wato kumburin ciki. Mutane da yawa idan suka ga cikin kifi ya cika sai su ce ƙiba ce, ko ƙwai. Kafin su farga kifin ya mutu.

Da farko mu san yadda jikin kifi yake aiki. Jinin kifin ruwan daɗi ya fi ruwan da yake zaune a ciki gishiri. Saboda haka ruwa kullum shiga jikinsa yake yi, dare da rana, ta wurin numfashinsa da ke gefen kai. Ƙoda ce take fitar da wannan ruwa a matsayin fitsari. Ranar da ƙoda ta gaza, ruwa zai ci gaba da shiga, ba mai fitar da shi. Sai ya taru a ciki da ƙarƙashin fata. Wannan shi ne kumburin.

Me yake kashe ƙoda? Sau da yawa wata ƙwayar cuta ce mai suna Aeromonas. Tana nan cikin ruwa ko da yaushe, kuma ba ta iya kayar da lafiyayyen kifi. Sai kifi ya raunana take samun hanya. Abin da ya fi raunana shi kuwa ruwa mai datti ne: kashin kifi, da ragowar abinci da ya ruɓe a ƙasa, da cunkoson kifaye a ƙaramin akwati. A ƙasarmu akwai ƙari. Zafin watan Maris zuwa Mayu yana rage iskar da ke cikin ruwa. Idan aka ɗauke wuta, injin iska ya tsaya. Da hunturu kuma ruwa yakan yi sanyi ƙwarai da dare.

Yadda za ka gane

Kada ka tsaya kallon kifi ta gefen gilashi kawai. Buɗe murfi, ka dube shi daga sama. Ɓawon jikin lafiyayyen kifi a kwance yake, sumul. Idan ka ga ɓawon ya miƙe tsaye, jikin ya zama kamar bayan abarba, to ciwon ne, kuma ya yi nisa. Sauran alamu: idanu su fito waje, wurin numfashi ya yi fari maimakon ja, kashi ya fito fari siriri, dubura ta yi ja, kifi ya daina ci, ya koma lungu ya lafe.

Ba kowane babban ciki ne ciwo ba. Mace mai ƙwai cikinta yakan cika, amma tana ci, tana yawo, ɓawonta a kwance. Haka ma gofi da moli, masu haihuwar 'ya'ya da rai. Wanda ya ci ya wuce kima kuma, hana shi abinci kwana 2 ko 3, za ka ga cikin ya sauka. Masu kiwon tarwada a kududdufi su lura: tarwada ba ta da ɓawo, don haka kumburin ciki da gyambo a fata ne za su nuna musu.

Abin da za ka yi

Ware kifin nan take. Sa shi a roba mai tsabta wadda sabulu bai taɓa shiga ba, da ruwa mai ɗumi daidai da na akwati, da injin iska. Idan ruwan famfo ne, sa maganin cire kilorin, ko ka bar shi a buɗe ya kwana.

Nemi gishirin Epsom a kemis. Ba gishirin miya ba ne. Raba ƙaramin cokalin shayi kashi 8, ka narka kashi 1 a lita 20 na ruwa. Yana taimakawa wajen rage kumburi, amma ba ya kashe ƙwayar cuta. Wannan aikin maganin likitan dabbobi ne. Je wurinsa, ka nuna masa hoton kifin a waya. Ina roƙonku, ku daina buɗe kafso na mutane kuna zazzagawa cikin akwati. Yana kashe ƙwayoyi masu amfani da ke cikin na'urar tace ruwan akwati, waɗanda suke cinye gubar kashin kifi, sai ruwan ya ƙara lalacewa.

Sannan koma kan akwatin, domin can matsalar ta fito. Kwashe kashi 1 cikin 4 na ruwan, tsotse dattin ƙasa, zuba sabo. Ci gaba da yin haka kowane mako. Ba kifayen abincin da za su cinye cikin minti 2. Sauran kifaye da ruwa ɗaya suke numfashi, kuma su ne za ka fi iya ceta.

Gaskiya ita ce, kifin da ɓawonsa ya riga ya miƙe ba kasafai yake tashi ba. Idan ya kwanta a gefe, ya kasa ci, kada ka bar shi yana wahala. Kaɗa man kanumfari, kamar rabin mililita ga kowace lita, da ɗan ruwan ɗumi, ka riƙa zubawa a hankali cikin robar. Zai yi barci, numfashi ya tsaya. Binne shi, kada ka jefa a kwata. Wanke hannu da sabulu, kuma mai rauni a hannu kada ya sa shi cikin ruwan.

Aikin gida

1. Dubi kifinka daga sama, ka rubuta abin da ka gani a jimla 2.
2. Roba tana cin lita 40. Gishirin Epsom nawa za ka sa?